"Wallahi Ban Gan Shi Ba": Gaskiya da Ƙarya a Kan Ganin Mai Babur a Titunan Duwala

A Asibitin Laquintinie da ke Akwa akwai sashen da mutanen Duwala suka daɗe da laƙaba wa sunan 'yan bensikin, wato masu babur ɗin haya, saboda yawan masu karaya da ake kwasowa daga kan titi a kwantar a can. Babur ɗin haya ya shigo garin nan da ƙarfinsa ne a 1991, lokacin da yajin da aka kira mataccen gari ya tsayar da taksi, ya kuma samu gindin zama bayan da kamfanin bas na SOTUC ya durƙushe a 1995. Yau daga Unguwar Hausawa ta New Bell zuwa Kasuwar Kongo, daga Nkoululun zuwa Ndokoti, da wuya ka samu gidan da ba a hawa babur ko ba a ci da shi. Shi ya sa maganar yadda za a yi direban mota ya ga mai babur ta zama abin da kowa ke da fatawa a kai: bakanike da tasa, mai shayi da tasa, fasinja ma da tasa. Wasu fatawoyin daidai ne, wasu rabi da rabi, wasu kuwa suna cikin abin da ke cika gadajen asibitin.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai duk direban da ya buge mai babur ya fito yana rantsuwa bai gan shi ba, ƙarya yake. Akwai maƙaryata, ba a musu. Amma sau da yawa mutumin nan gaskiya yake faɗa, kuma wannan ya fi ƙaryar ban tsoro. A 1981 wani masani mai suna Harry Hurt ya fitar da rahoto a kan hatsarin babur 900 da ayarinsa suka bi diddigi a birnin Los Anjelas na Amurka. A cikin waɗanda babur ya yi karo da wani abin hawa, kusan biyu cikin uku ɗaya direban ne ya shiga hanyar mai babur, kuma siffar da ta fi maimaituwa ita ce babur na tafiya miƙe, mota ta karya hagu ta gitta gabansa. Bayan shekaru ashirin an sake irin wannan bincike, mai suna MAIDS, a kan hatsari 921 a ƙasashen Turai biyar, sai ga shi babban dalili shi ne direban ya duba amma bai lura da babur ba.

Yaya mutum zai duba ya kasa gani? Ido ba ya kwashe duk abin da ke gabansa. Direban da ya iso mararraba ba babur yake nema ba, gurbi yake nema tsakanin motoci, ƙwaƙwalwarsa kuma tana watsar da abin da ba ta fita nema ba. A 1999 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Simons da Chabris, sun sa mutane ƙirga sau nawa 'yan wasa suka miƙa wa juna ƙwallo a wani bidiyo. Wata ta ratsa tsakiyar filin sanye da kayan goggon biri, kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba. Ga kuma siririn jikin babur. Abin da ke tunkaro ka kai tsaye ba ya nuna yana motsi, girma kawai yake ƙarawa a ido, ƙaramin abu kuwa ba ya ƙara girman da za a lura sai ya zo daf. Saboda haka direba kan ɗauka babur ya fi nisa kuma ya fi jinkiri fiye da yadda yake. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Wanda aka hango a mita 40 zai iso kafin a ƙirga uku. Ƙarfen da ke riƙe da gilashin gaban mota ma ya isa ya ɓoye babur da direbansa da fasinjansa.

A ganina, Duwala tana da nata ƙarin. A Turai direba ba ya tsammanin babur. A shataletalen Deido ko a Ndokoti kuwa ba abin da yake tsammani kamar babur, sai dai sun fi ƙarfin ido biyu: ya ga goma, na sha ɗaya ne ke fitowa ta inda doka ba ta ce a fito ba. Wannan ba ya wanke direba daga laifi. Yana dai rushe wata maganar da masu babur ke yi, wai "ai mun haɗa ido, ya gan ni". Fuskar da ta juyo wajenka ba shaida ba ce. Tayar gaban motar za ka duba. In ta fara juyawa, mutumin fitowa zai yi.

Sai batun fitila da rana. Ka kunna ta da hantsi a Titin Ahmadu Ahijo, kafin ka kai ƙarshensa sai wani mai son alheri ya yi maka alama da hannu: "Malam, fitilarka a kunne take." An yi imani tana shan mai, tana kashe batir, kuma ba ta da amfani tunda ga rana. Na ƙarshen nan ƙarya ne tsagwaronta. Ƙasar Maleshiya, wadda ita ma ƙasar babura ce mai rana da ruwan sama, ta wajabta kunna fitila da rana a 1992, binciken da ya biyo baya ya nuna irin hatsarin da rashin gani ke jawowa ya ragu da kusan kashi 29 cikin 100. Indiya, inda ake ƙera Boxer da TVS da muke hawa, ta wajabta tun watan Afrilun 2017 cewa sabon babur da za a sayar a can ya zo da fitilar da ke kamawa da zarar an tayar da inji. Batun mai kuma an zuzuta shi: ƙwan fitilar ƙaramin babur wajen wat 35 yake ja, injinsa kuwa wat dubbai yake bayarwa, abin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa ba. Abin da ke gaskiya a maganar shi ne ƙwai mai zare zai fi saurin ƙonewa, kuma in batir ya riga ya tsufa, doguwar tsayuwa a cunkoso da fitila a kunne za ta tona asirinsa. Kuɗin ƙwai kuwa ba ya kama ƙafar kuɗin ɗaurin karaya.

Daga nan wasu suka zarce, suka ce to a bar doguwar fitila a kunne dare da rana, ko a ɗaura irin farin hasken nan mai huda ido. Da dare wannan kuskure ne. Za a san akwai wani abu a gaba, amma wanda ka kashe wa ido ba zai iya auna nisanka ko gudunka ba, ba zai ga siginarka ba, ba zai kuma ga mai tafiya a ƙasa da ke gefenka ba. Haka ƙananan fitilun ado, shuɗi da kore da masu walƙiya. Direba ya saba da ƙa'ida ɗaya: fari gaba, ja baya, ruwan lemo juyawa. Wanda ya sa ja a gaba ko fari a baya ya gaya wa na bayansa ƙarya game da inda ya dosa. Ƙarin fitilar da gwaje-gwaje a Ingila da Faransa suka nuna tana taimako ita ce wadda ke ba babur siffa, misali ƙanana biyu a ƙasa kusa da tayar gaba tare da babbar a sama, domin ido ya fi iya auna tahowar abu mai faɗi da tsawo fiye da ɗigon haske ɗaya.

Rigar nan mai ɗaukar ido ita ce aka fi rikita maganarta. Dokar da Firaminista Ephraim Inoni ya sa wa hannu a ƙarshen 2008 ta ɗora wa mai babur ɗin haya lasisi da hular kwano da wannan riga, sai mutane suka ɗauke ta rigar 'yan sanda da ma'aikatan magajin gari, abin da ake ratayawa don a wuce shinge. Wasu suka ce ba ta da wani amfani sai karɓar kuɗi, wasu suka ce wanda ya sa ta ya tsira. Duka biyun sun kauce. Wani bincike da aka yi a Oklan ta ƙasar Niyu Zilan, aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2004, ya samu cewa masu sa tufafi masu ƙyalli ko mayar da haske haɗarin jin rauninsu ya yi ƙasa da kashi 37 cikin 100, masu farar hular kwano kuma kashi 24 idan aka gwada da masu baƙa. Sai dai a riƙa tunawa cewa mai kula da irin rigar da zai sa, galibi mai kula da tuƙinsa ne. Ba duk ladan ne na riga ba.

Abin da ba a cika sani ba shi ne abu biyu ne a jikin rigar, kowanne da lokacinsa. Launin yadin, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo mai ƙuna, da hasken rana yake aiki, yana kuma fin amfani da asuba, da magariba, da ranar da hadari ya rufe gari. Ga garin da ke samun ruwa fiye da milimita 3,500 a shekara, inda Yuli da Agusta ke wucewa cikin duhun gajimare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma da zarar dare ya yi, launin nan ya tashi aiki, bai fi farar riga ba. Mai aikin dare shi ne layin nan mai ruwan azurfa, wanda ke mayar da hasken fitilar mota zuwa inda ya fito. Shi ma da sharaɗi: sai hasken ya sauka a kansa. Motar da ke jiran fitowa daga lungu, fitilarta na kallon wani wajen, ba za ta ga komai ba. Kuma rigar da rana ta kodar, laka da baƙin mai suka rufe, layinta ya ɓare saboda wanki, lamba kawai ta rage mata.

Ga wani abin da mai ido zai gani da kansa: fasinja na zama, ya rufe bayan rigar gaba ɗaya. In an ɗora buhu ko katan, ya rufe har da danja. To wa ke ganin layin? Shi ya sa ɗan tef mai mayar da haske a bayan hular kwano, da kan ƙarfen kaya, da gefen babur, ya fi aiki da dare. Wutar baya kuwa, wadda ake bari a mace wata da watanni don mai babur ba ya ganinta, ita ce kaɗai abin da ke tsakaninsa da motar da ke binsa a titin da ba fitila. Launi ma ba shi da tsayayyen hukunci, ya danganta da abin da ke bayanka. Ruwan ɗorawa na fitowa sarai a kan baƙar kwalta, amma a tsakiyar taksin Duwala, waɗanda su ma ruwan ɗorawa ne, sai ya saje. Farar riga ta fi baƙa da dare, gaskiya ne, sai dai ba ta kai kusa da layin azurfa ba.

Maganar fasa salansa don a ji ka ba ta buƙatar dogon bayani. Bakin salansa baya yake kallo, ƙarar tana bin waɗanda ka riga ka wuce, haɗarin kuwa gaba yake. Direban da ya ɗaga gilashi ya kunna rediyo ba zai ji ka ba sai ka zo gefensa. Maƙwabta ne kawai ke shan wahalar. Ita kuma doguwar lemar da ake kafa wa babur saboda ruwa, gaskiya ne tana sa a hango shi daga saman motoci, amma tana kama iska, kuma in ta sunkuyo tana rage wa mai tuƙi abin da yake gani.

Akwai masu cire madubi don su samu kutsawa tsakanin motoci, suna cewa wuya ya ishe su. Wannan kutsen shi ne ke kai su inda babu rigar da ke ceto. Duwala gari ne na tashar jiragen ruwa. Tirelolin da ke ɗaukar kaya zuwa Chadi da Afirka ta Tsakiya, da masu jan gungumen katako, da su ake goga kafaɗa a hanyar Bonaberi da kan gadar Wuri. Direban irin wannan mota yana zaune a sama ta hagu, akwai wuraren da ba ya gani sam: daf da hancin motar, bayanta, da musamman gefen dama. Maganar da ake yi cewa in ba ka ga fuskarsa a madubinsa ba shi ma bai gan ka ba, gaskiya ce. Amma kada a juya ta: ganin fuskarsa ba ya nufin madubin yake kallo a wannan daƙiƙar. Kuma tirela in za ta karya dama, sai ta fara buɗewa hagu. Gurbin da ya bayyana tsakaninta da bakin titi, wanda mai babur ke gani kamar an ba shi hanya, nan ne tayoyin baya za su bi.