Jinyar Yara Masu Ciwon Sukari A Ostareliya

Ostareliya ƙasa ce mai nisa, teku ta kewaye ta. Tun kafin zuwan Turawan Ingila a shekarar 1788 akwai baƙaƙen mutane a cikinta, ana ce da su Aborijin. Farauta da kamun kifi da 'ya'yan itatuwan daji, su ne abincinsu. Da aka ƙwace ƙasarsu, sai aka tara da yawansu wuri wuri, ana ba su garin alkama da sukari da shayi. Yau ciwon sukari ya fi kama su bisa sauran mutanen ƙasar wajen ninki 3, har da yara 'yan shekara 12 ko 15.

Ciwon nan, sukari ne ke taruwa cikin jini. Alamunsa ƙishirwa, da yawan fitsari, da kasala. In aka bar shi yakan ɓata ido da ƙoda da ƙafa. Ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa wurin wani.

To, ga yarinya an ce tana da shi. Tsoro ya kama ta, don watakila ta ga an yanke ƙafar kakarta. Iyayenta kuma suna ɗar-ɗar da ma'aikatan hukuma. Suna da dalili: har wajen 1970 gwamnati tana raba yaransu da su ƙarfi da yaji. Sai a 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya roƙi gafara.

Saboda haka nas mai hankali ba ta fara da takarda da allura. Takan zauna gefen yarinya, su yi hira, ta tambayi garinsu da danginta. In yarinya ta sunkuyar da kai, ladabi ne, kamar dai a wurinmu. In ta yi shiru, a jira ta. In ta ce to, kada a ɗauka ta gane, sau da yawa kunya ce. Sai nas ta ce, "Nuna mini yadda za ki gwada jininki a gida." Maganar jikin mace, mace ke yi. Ta namiji kuwa, namiji. Akan kira kaka ko inna, don su ke riƙe da tukunya. Akan kuma nemi ma'aikacin lafiya ɗan ƙabilarsu mai jin harshensu. Su da kansu suka buɗe asibitinsu na farko a unguwar Redfern, birnin Sidni, a 1971.

Game da abinci, faɗa ba ya amfani, don a ƙauyuka masu nisa kayan lambu tsada gare su. Gara a tuna musu abincin kakanninsu. Wata masaniya, Kerin O'Dea, ta bi Aborijin 10 masu ciwon nan zuwa daji mako 7, suna cin abin da suka farauto. A rahotonta na 1984, ƙibarsu ta ragu, sukarin jininsu kuma ya sauka ƙwarai.