Idan sabulun ruwa ya gurɓace: Tsakanin gyara da algus

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin tambayoyin da ake aiko mana bayan karatun mata na ranar Asabar, akwai takardar wata baiwar Allah, uwar marayu. Ta ce: "Malam, na haɗa sabulun ruwa jarka biyu, kowace mai lita 25, wanda wata mai sayar da abinci ta ce in yi mata. Da gari ya waye sai na tarar ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Maƙwabciyata ta ce in ƙara masa kala da turare, in zuba a gora mai duhu, babu mai ganewa. Jarina ke nan gaba ɗaya. Ya halatta in yi haka?"

Ba mu gaggauta ba ta amsa ba, domin malaman usulu sun koyar da mu cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙaninsa. Saboda haka muka zauna da wasu da suka daɗe a sana'ar, da wani malamin kimiyya daga cikin masu sallah tare da mu. Abin da muka fahimta shi ne gurɓacewar sabulu iri-iri ce. Akwai wadda a ido kawai take, akwai wadda ke rage amfanin sabulun, akwai kuma wadda ke cutar da mai amfani da shi. Hukuncin sayarwa kuwa yana bin wannan bambanci.

Gurɓacewar da ba ta cutarwa

Mafi sauƙinta ita ce ta iska. Juyi da ƙarfi yana cusa ƙananan kumfa a cikin haɗin, sai ya yi fari. Maganinta haƙuri ne: a rufe bokitin a bar shi ya kwana, ko ya yi yini da kwana, kumfar za ta taso sama, sabulun ya yi garau.

Ta biyu ita ce ta sanyi. A lokacin hunturu, musamman da asuba, sinadaran wanki irin su salfonik ba sa narkewa sosai a cikin ruwa, sai sabulun ya yi dishi-dishi. Gwajinta ba wuya. A ɗebi kaɗan a kwalba, a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. Idan ya washe, to sanyi ne kawai, kuma wankinsa bai ragu ba.

Gurɓacewar da ke rage inganci

A nan ruwa ne kan gaba. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da zartsi, wato yana ɗauke da ma'adinan kalsiyam da magnisiyam, waɗanda kan haɗu da sinadaran wanki su zama farin gari mai yawo a ciki, kumfa kuma ta ragu. Wannan ne dalilin da ya sa ake sa STPP a cikin haɗin, domin ya kama waɗannan ma'adinai. Wanda yake son ya gwada ruwansa, ya zuba shi a kwalba, ya zuba ruwan sama a wata, ya kankare ɗan sabulun wanka a kowace ya girgiza. Wadda ta yi fari ba kumfa, ruwanta mai zartsi ne. Tataccen ruwan sama ya fi dacewa da wannan sana'a.

Sai gishiri. Ana sa shi ne domin kauri, amma yana da iyaka. Sabulu zai yi ta kauri har ya kai wani matsayi, idan aka ƙara ko kaɗan a kan haka sai ya tsinke, ya gurɓace, wani lokaci ma ya rabu gida biyu. Soda ash da kostik da STPP su ma suna yin irin aikin gishiri, don haka wadda ta cika su ta riga ta kusa iyakar tun kafin ta ɗauko gishirin. Gishirin da ya shiga ba ya fita. Gyaransa shi ne a yi wani haɗi ba gishiri a gauraya su, ko a ƙara ruwa mai kyau tare da tekzafon.

Naitrosol, garin da ke ba da kauri da yauƙi, shi ma yana da ladabinsa. Ana barbaɗa shi a cikin ruwa zalla ana juyawa har ya baje, sannan a kawo ruwan kostik ko na soda ash. Idan aka juya tsarin sai ya yi gudaji, cikinsu busasshe. Haka nan duk wani gari da za a sa, a jiƙa shi a mazubinsa daban ya narke sarai tukuna.

Turare kuwa yawancinsa mai ne, mai kuma ba ya haɗuwa da ruwa. Idan aka kwarara shi kai tsaye, ko aka yawaita shi, sai ya watsu ɗigo-ɗigo ya mai da sabulun kamar madara. A fara kwaɓa shi da ɗan tekzafon, kuma kada ya kai kashi 1 cikin 100 na haɗin. Ku lura, shawarar maƙwabciyar nan ta ƙara turare da ma ƙara dagula sabulun za ta yi.

Masu yin sabulu na asali, wato dafa mai da ruwan toka ko fotash kamar yadda iyayenmu ke yin sabulun salo, nasu dalilin daban ne. Ko dai man bai gama zama sabulu ba, ko kuma irin man ne, domin man kaɗanya da kitse da manja ba sa ba da sabulu garau kamar man kwakwa.

Gurɓacewar da ke cutarwa

Kostik da salfonik abokan gaba ne, kowane yana kashe kaifin ɗan'uwansa. Idan awo ya daidaita, sai a sami sabulu mai sauƙi a hannu. Idan kostik ya rinjaya, sabulun kan gurɓace, kuma ya riƙa cin hannu yana tsattsaga fata. Ido ba ya iya rarrabe wannan da gurɓacewar sanyi. Abin da ke rarrabewa shi ne takardar gwajin pH, wadda ake samu wurin masu sayar da sinadarai. Ma'auninta daga 0 ne zuwa 14, kuma 7 ce tsakiya. Sabulun wanke-wanke ya kamata ya tsaya kusa da 7 zuwa 8. Idan ya kai 11 ko ya wuce, bai dace a miƙa wa kowa ba sai an gyara shi da ɗan salfonik da aka tsarma, kaɗan-kaɗan ana sake gwadawa.

Akwai kuma sabulun da yake garau da farko, bayan makonni ya gurɓace, ƙamshinsa ya juye. Wannan ƙwayoyin cuta ne suka kama shi, daga ruwa marar tsabta ko gorar da ba a wanke ba. Ba shi da gyara, zubarwa ake yi. Wasu kan nemi kariya da fomalin, amma a sani cewa tun shekarar 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sinadarin da ke cikinsa a jerin masu jawo wa ɗan Adam wannan ciwo. A nemi abin adanawa da ya fi shi aminci. Sannan muna roƙon iyaye mata, don Allah kada a zuba ruwan kostik a gorar ruwan sha. Kamarsa ɗaya da ruwa, yaro mai ƙishi kuwa ba ya tambaya.

Matsayin Shari'a

Gurɓacewa ba najasa ba ce. Matuƙar wata ƙazanta ba ta faɗa ciki ba, sabulun mai tsarki ne, ko da ya yi fari fat.

Batun ciniki kuwa, Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa mai albarka a cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya kawo uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) bai zarge shi a kan ruwan sama ba, ya zarge shi ne a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, kuma ya barranta daga mai algus. Kala da gora mai duhu idan an nufi ɓoye aibi da su, su ne busasshen abincin da aka rufe jiƙaƙƙe da shi. A hadisin Hakimu bin Hizam (RA) da Bukhari da Muslim suka fitar kuma, an rataya albarkar ciniki a kan gaskiya da bayyanawa, an rataya gushewarta a kan ƙarya da ɓoyewa. Daga nan ne malaman fiƙihu suka tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa.

Saboda haka amsar da muka ba ta kashi uku ce. Wanda gurɓacewarsa ta ido ce, ta sayar, ta faɗa wa mai saye abin da zai gani. Wanda ingancinsa ya ragu, ta gyara, ko ta bayyana ta rage kuɗi. Wanda ke cin hannu ko ya lalace, bayyanawa ma ba ta isa ba, domin Musulunci ya hana cutarwa. Sa kala don ado halal ne, amma bayan sabulu ya yi garau ake sa ta.

Mako biyu bayan haka ta sake aiko da takarda. Ta ce ta gwada a ƙananan kofuna, abu ɗaya a kowane kofi, ta gano gishiri ne ya yi yawa. Jarka ɗaya ta gyaru, ɗayar kuma ta faɗa wa mai abincin gaskiya, ta rage mata kuɗi. Ribar wannan karo ta tafi, amma jarin ya dawo, kuma yanzu tana rubuta awon kowane haɗi a littafi.

Ɗalibanmu da ke koyon wannan sana'a a lokacin hutu, da mazan da ke ba iyalansu jari, ku haɗa musu da sikeli da takardar gwaji da safar hannu. Wanda bai san abin da yake sayarwa ba, zai yi wuya ya iya faɗin gaskiya a kansa.

Allah Ya sanya albarka a cikin neman halal ɗinmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa. Allah ne Mafi sani.