Abin da ke rura wutar kisa, garkuwa da fyaɗe a Dutsin-Ma da Kurfi

Tushen matsalar yana daji. Kurfi da Dutsin-Ma na maƙwabtaka da Safana, wadda ta jingina da dajin Rugu, kuma ga mai babur tafiyar ba ta da nisa. Abin ya faro ne daga satar shanu, da cinye burtali da gonaki suka yi, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya. Da kuɗin fansa suka fara shigowa, sai ya koma sana'a.

Amma ɓarawon daji bai san wanda ya sayar da shanu ran kasuwa ba, bai san ɗakin da 'yan mata ke kwana ba. Da ɗan gari akan ci gari. Infoma shi ne igiyar da ta ɗaure gari da daji: mai kai fetur, mai kai burodi da ƙwaya, mai buga waya. Sau da yawa matashi ne da ba shi da abin yi, ko wanda aka raba da gonarsa ya dawo gari yana zaman kashe wando. Daga cikin irinsu ake samun ƙauraye da masu ƙwacen waya. An hana sayar da kodin tun 2018, amma duk wanda ya zauna da matasa ya san tiramol bai yi wuyar samu ba.

Garin Dutsin-Ma shi ma ya girma fiye da tsaronsa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, gidajen haya suka bazu zuwa bakin gari, inda babu fitila, mai unguwa kuma bai san baƙin ba. Daga gidan haya aka ɗauke ɗalibai mata 5 a Oktoban 2023, watan da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. Kafin nan, a Satumban 2021, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi. A ganina talaka ya fi ɓarawo jin jiki a lokacin.

Fyaɗe kuwa, kada ƙarancin ƙara a wurin 'yan sanda ya ruɗe ku. Matar da ta dawo daga hannun 'yan bindiga ba kasafai take buɗe baki ba, don tsoron bakin mutane da mutuwar aure. A cikin gari kuma mai laifin yawanci sananne ne: maƙwabci, mai shago, ko ɗan uwa. Yarinya mai talla da ke shiga kango da farantin gyaɗa, da 'yar gudun hijira da ke bara don abin da za a ci, su ne a bakin haɗari. In abin ya faru sai a taru a zaure, a ce "a rufa asiri", a biya kuɗin magani, a watse. Mai laifin kuwa ya gane babu abin da zai same shi, sai ya sake.

Jihar Katsina na da dokar kare yara tun 2020, sai dai doka ba ta aiki in babu shaida. Don haka in an yi wa yarinya fyaɗe, kada a yi mata wanka, kada a wanke kayanta, a kai ta asibiti nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani, kuma takardar likita ce za ta tsaya mata a kotu.