Gaskiya ko Jita-jita: Idan Slurm Ta Ƙi Amsawa

Slurm manhaja ce da ke raba ayyuka tsakanin tarin kwamfutocin da aka haɗa don manyan lissafe-lissafe, kuma a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke Amurka aka fara ƙirƙirar ta. Duk lokacin da muka tura aiki ta ce ta kasa samun uwar garke, akwai maganganun da muke saurin yarda da su.

"Tunda ping ya amsa, hanya lafiya lau take"

Ping yana tabbatar mana cewa na'urar a kunne take, ana kuma iya isa gare ta. Amma slurmctld, wato shugabar rabon, tana sauraro ne a ƙofa ta 6817, slurmd kuma, wadda ke gudanar da ayyukan a kan kowace na'ura, a 6818. Katangar tsaro na iya barin ping ya wuce alhali waɗannan ƙofofin a rufe suke. Wannan zato ya yaɗu ne saboda ping shi ne gwajin da kowa ya fara koya.

"Idan an ƙi saƙo, layin sadarwa ne ya lalace"

A nan muka fi ɓata lokaci. Sau da yawa saƙon ya isa, shaidarsa ce aka ƙi. Galibin wuraren da ke amfani da Slurm suna tantance saƙonni da MUNGE, wadda ke buƙatar makulli iri ɗaya a kowace na'ura. Shaidar da take bayarwa, idan ba a canza tsari ba, minti 5 kawai take yi. Don haka idan agogon wata na'ura ya yi gaba ko baya sosai, sai a ga shaidar ta ƙare tun kafin a karɓe ta. Ba kullum mai aiki ke ganin wannan a allonsa ba. A kundin bayanan munged, wato manhajar da ke gudanar da MUNGE, da na slurmctld ko slurmd ake rubuta shi, kuma kaɗan ne daga cikinmu ke buɗe su. Ba laifi ba ne mutum ya zargi waya, domin ita ake iya gani da ido. Gyaran kuwa shi ne a daidaita agogo da chrony, a kuma kwatanta makullan.

"Lokacin jira ya ƙare, ke nan uwar garke ta mutu"

Yawanci tana raye, aiki ne ya yi mata yawa. Idan ba a canza tsari ba, daƙiƙa 10 ake jiranta. Mutum ɗaya da ya sa squeue, umarnin duba jerin ayyuka, yana maimaita tambaya ba ƙaƙƙautawa zai iya jinkirta ta ga kowa. Kafin a sake kunna ta, a gwada scontrol ping, sannan a duba da sdiag wane ne ke yawan kiranta.