Rigar ƙwallo a Diffa: A saya a shago ko a yi oda ta waya?

Duk lokacin da aka shiga sabuwar kakar wasanni a Turai a watan Agusta, matasan Diffa kan shiga neman sabuwar rigar ƙungiyarsu, ko Real Madrid ce, ko Barcelona, ko Arsenal. A da kasuwa kaɗai ake zuwa. Yanzu dillalai daga Yamai, Damagaram da Kano suna baje kayansu a WhatsApp, Facebook da TikTok, har mutum ya zaɓi suna da lambar da za a buga masa a baya.

Sai dai akasarin rigunan da ke yawo, a shago ko a intanet, kwaikwayo ne da ake yi a ƙasashen Asiya. Lissafi ma ya isa shaida. Riga ta asali daga Adidas ko Nike takan kai kimanin Yuro 100 a Turai, wato sama da jaka 65 na sefa, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar tun 2024 jaka 42 ne. Don haka duk wanda ya ce zai ba ka ta asali a kan 'yan jakunkuna, kalma ce kawai ya sayar maka. Abin da ya rage shi ne a samu kwaikwayo mai kyau.

A nan ne shago ya fi. Mai saye zai taɓa yadin, ya duba ɗinkin tambari, ya gwada, ya yi ciniki. Wannan na da muhimmanci, domin girman rigunan Asiya yakan gaza na Turai, kuma yadi mai kauri azaba ne a zafin Afrilu. Matsalar shago ita ce ƙarancin zaɓi da jinkiri. Kaya da yawa ta Najeriya suke shigowa, kuma rashin tsaro a gaɓar Komadugu tun 2015, da rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun nuna yadda hanyar ke iya toshewa.

Oda ta waya kuwa tana kawo sabuwar riga da wuri, amma kasada ce. Yawanci sai an tura kuɗi tukuna, sannan dillali ya ba motar safa saƙon. Daga Yamai zuwa Diffa ya haura kilomita 1,300. Idan rigar ta zo ta matse, kuɗin mayar da ita zai iya cinye rabin farashinta. Ga matashin Barwa da ke yankin Bosso, inda aka fara mayar da 'yan gudun hijira a Yunin 2021, abin ya fi wuya, don saƙon a tashar Diffa zai tsaya, sai ya nemi mai karɓo masa.

Masu oda da suka saba suna da dabarunsu: su nemi bidiyon ainihin rigar maimakon hoton talla, su tambayi faɗin ƙirji da santimita, su biya rabi sai kaya sun iso. 'Yan ƙungiyar unguwa masu son riguna 15 ko 20 iri ɗaya kan fara da guda ɗaya don gwaji.

Ga 'yan uwa mazauna waje da ke son yi wa ƙanne tsaraba, hanya mafi sauƙi ita ce su turo kuɗin, yaro ya je shago ya gwada da kansa.