Mutanen Jar Ƙasa da Mutanen Rawayar Ƙasa

Yau za mu leƙa Amurka, mu ji labarin wasu daga cikin 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a can. Ana kiransu Sak da Foks.

Asalinsu ƙabilu biyu ne masu harshe kusan iri ɗaya, suna zaune a yankin manyan tafkunan arewacin Amurka. Sak su ne Sauk, wato mutanen rawayar ƙasa. Foks kuwa sunan da Turawa suka laƙaba musu ne, ma'anarsa yanyawa, amma su Meskwaki suke kiran kansu, wato mutanen jar ƙasa. Daga 1712 Faransawa suka shiga yaƙarsu har suka kusa ƙarar da su. Wajajen 1733 waɗanda suka tsira suka fake wurin Sauk, tun daga nan suka zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

To, 'yar uwa, a wurinsu noma aikin mata ne. Su ke shuka masara da wake da kabewa, su shanya, su adana a rami saboda lokacin sanyi. Maza kuma farauta da kamun kifi. Lokacin zafi ana zama a gari cikin manyan ɗakuna na ɓawon itace. In sanyi ya kama sai a tafi dajin farauta, a kafa bukkoki da tabarmin da mata suka saƙa. Mata ne kuma ke dafa ruwan wata bishiya har ya daskare ya zama kamar mazarƙwaila.

A 1804, a birnin Sen Luwis, wasu 'yan tsiraru daga cikinsu suka sa hannu a takardar da ta miƙa wa gwamnatin Amurka ƙasarsu ta gabas da kogin Misisifi. Wani jarumi mai suna Black Hawk, wato Baƙin Shaho, ya ce bai yarda ba. A 1832 ya haye kogin da jama'arsa, har da mata da yara. Sojoji suka bi su, aka kashe da yawa a bakin kogin Bad Axe. Bayan haka aka tura su Kansas, daga baya wasu aka kai su Oklahoma.

Amma Meskwaki ba su haƙura ba. A 1857 suka haɗa kuɗi, suka sayi eka 80 a Tama da ke jihar Iowa. Jikokinsu na nan a wurin, har sun ƙara faɗaɗa filin. Yau al'ummar ta kasu uku: Oklahoma, Iowa, da iyakar Kansas da Nebraska, suna kuma ƙoƙarin koya wa yara harshensu kada ya ɓace. Jim Thorpe, wanda ya ci lambobin zinariya biyu a wasannin Olamfik na 1912, ɗansu ne.

Nan za mu dakata, sai mako mai zuwa. A huta lafiya.