Abin da ya sa kaka ta zama lokacin ziyarar dangi a Gombe

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, tashoshin mota na garin Gombe kan cika da matafiya. Wake da masara sun shiga rumbu, kuɗi sun zo hannu, bukukuwan aure sun kankama, sai a ɗaura niyyar gaishe da dangi. Mai zuwa Kano yakan bi ta Dukku da Darazo, ya ratsa Birnin Kudu da Wudil.

A Amurka wasu kan yi irin wannan doguwar tafiya cikin mota mai ɗakin kwana, amma a nan gidan ɗan'uwa ne masauki. Sai dai idan hunturu ya kama, hazo kan rufe wa direba hanya, a daidai lokacin da motoci suka fi yawa. Shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke tsananta gargaɗi kan gudu da tafiyar dare a ƙarshen shekara.